Hoto Goma Sha Ɗaya

Litinin, 4 ga wata, 7:20 na safe

Yau kwana uku wayar direban da muka yi hira da shi a kashe.

Na riga mai shara isowa ofis. Ban kunna fitila ba, hasken allo ya ishe ni. Ɗakin tace bidiyo ba shi da taga. Tebur biyu ne, nawa da na Maman 'Yan Biyu, sai fankar da ke kuka kamar mai ciwon haƙori. Shekara tara ina kan kujerar nan, a ƙasar mutane. In Inna ta tambaye ni a waya wai har yanzu wane irin aiki nake yi, sai in ce mata: mutane ne ke zama gaban kyamara su yi ta zuba awa biyu a kan labaran duniya, ni kuma in yanke tari da kame-kame, in mayar da shi minti arba'in, a ce sun iya magana. Sai ta ce, "To, Allah ya ba da lada." A ofis Baba Almakashi ake ce mini.

Direban ya ba mu labarin gawarwakin da ya ɗauko a motarsa daga wancan wurin, sawu huɗu. Ba zan rubuta a nan ba. Ya shiga kunnena fiye da sau ɗari, ya isa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a ga fuskarsa, kada a gane muryarsa. Ni na sa masa mayafi, dishi-dishin nan da muke lulluɓe fuska da shi. Ni na karya muryar ta yi kauri. Minti arba'in da biyu, na bi su hoto bayan hoto.

Na sake dubawa yanzu. Shirin lafiyarsa ƙalau.

Litinin, 1:30 na rana

Shugaba ta tara mu. Ta juyo mana wayarta: fuskar direban ce, wani ya ɗora a intanet tun ranar Alhamis. Ba ta fito sosai ba, amma ga tabon nan a gefen gira, kowa a unguwarsu zai gane shi. Ta ce ba daga dogon shirin aka ciro ba. Daga tallan ne, ɗan guntun daƙiƙa talatin da muke saki don masu kallo a waya.

Ɗan Gayu, mai gabatar da shirin, ya miƙe tsaye. "Wa ya yanka tallan?"

Shugaba ta duba kwamfuta. Kowane fayil yana fita ne da sunan wanda aka yi aikin a kan na'urarsa. Ta karanta sunan Maman 'Yan Biyu.

Ba ta wurin. Ɗaya daga cikin yaran yana asibiti tun ranar Laraba.

Ban ce komai ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Talata, 5 ga wata, 9:00 na safe

Na ƙirga. A daƙiƙa ɗaya akwai hoto ashirin da biyar. Waɗanda fuskarsa ta fito a cikinsu goma sha ɗaya ne. Ko rabin daƙiƙa bai kai ba. Ƙiftawar ido. Sai dai akwai mutanen da albashinsu kawai su zauna su ƙi ƙiftawa.

Dogon shiri a kwance yake, talla kuwa a tsaye, yadda mutum ke riƙe waya. In za ka mayar da na kwance ya tsaya, dole ka matsar da hoton, kuma mayafi ba ya bin ka da kansa. Sai ka sake ɗora shi, ka bi kan mutum duk inda ya karkata. A wurin nan direban ya sunkuyo gaba, ya miƙa hannu daidai tsayin tebur yana cewa, "Wani ma bai kai nan ba." Kansa ya yi gaba, mayafin ya tsaya a baya kamar hula a kan ƙusa.

Duk wanda ya yi wata shida a aikin nan ya san wannan.

Shi ya sa akwai doka. Tana manne a bayan ƙofarmu, takardar har ta yi ja: *Ba mayafin da zai fita sai ido biyu sun gan shi, murya a kashe, hoto bayan hoto.* Mutum na biyu zai duba, kuma ba sauti, don kunne yana yaudarar ido. In kana jin labarin, ka daina ganin hoton. Ni na kafa dokar. Rubutun hannuna ne.

Talata, 5:00 na yamma

Ba labari.

Laraba, 6 ga wata, 12:40 na rana

Maman 'Yan Biyu ta dawo. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ajiye jaka ta ce, "Baba, ina kwana." Na tambayi mai jiki, ta ce zazzaɓin ya sauka, har ya fara rigimar abinci. Ta zauna ba ta kunna kwamfuta ba. Fanka tana ta kukanta.

Can ta ce, "Baba, ranar da aka kira ni daga makaranta na fita da gudu, ban kashe na'urata ba, ko?"

Na ce, "Ba ki kashe ba."

"Na ce maka tallan bai ƙarasa ba."

"Kin ce."

Ta daɗe tana kallon takardar da ke bayan ƙofa. Sannan ta ce, "Na fito daga wurin Shugaba. Na ce mata ranar kaina ba ya tare da ni, ban tuna abin da na yi ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu, yadda nake ɗaga mata lokacin da take koyo in ta yi saurin yanka.

"Ni a garin nan aka haife ni. In sun kore ni, tasha uku ce a bas zuwa gidanmu. Kai fa? Takardar zamanka da aikin nan take ɗaure. Wata mai zuwa za a sabunta, Mama da yara su taho. Ko ka manta kai ka nuna mini hoton gidan da ka kama?"

Na ce, "'Yata, ba haka ake yi ba."

Ta ce, "To yaya ake yi? In ka faɗa, direban zai kunna waya?"

Na sa abin saurare a kunne. Ba abin da nake saurare.

Alhamis, 7 ga wata, 8:15 na safe

Sha ɗaya.

Alhamis, 4:00 na yamma

Ɗan Gayu ne ya yi ta leƙowa ranar da nake ƙarasa tallan. "Baba, a sake shi kafin biyar, lokacin mutane ke fitowa daga aiki." Sau uku ya leƙo, yana buga agogonsa da yatsa. Turarensa ya daɗe a ɗakin bayan ya fita. Shi fuskarsa ake gani, shi ake tsayarwa a titi a ɗauki hoto. Shekara tara ina goge masa "am… am…", ina ɗinke masa jimlar da ya bari a hanya, har ana cewa bakinsa ba ya tuntuɓe.

Na rubuta wannan, na karanta, na ji kunya. Sauri ya ce. Bai ce a tsallake komai ba. Kuma ɗazu na same shi a matakala da wayoyi biyu, yana kiran duk wanda ya sani a can, asibiti, tasha, ƙungiyar direbobi. Muryar nan tasa ta dishe. Da ya gan ni ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Laifi tudu ne. Na hau nawa ina hango na yaron mutane.

Juma'a, 8 ga wata, 2:00 na rana

An dakatar da Maman 'Yan Biyu sai an gama bincike. Ta kwashe kofinta da cajar waya. Zanen da yaran suka yi mata ta bar shi manne a gefen allo, mota ce mai ƙafa biyar. A bakin ƙofa ta ce, "Baba, a riƙa cin abinci." Shi ke nan.

Shugaba ta ce, tunda ni ne babba a ɗakin, ni zan rubuta rahoton yadda kuskuren ya faru.

Asabar, 9 ga wata, 11:00 na safe

Uwar yara ta kira. Ta sayar da keken ɗinkinta, ta ba ƙanwarta tukwane. Wai autarmu kullum sai ta gwada rigar sanyin da na aika, tana zufa tana yawo da ita a tsakar gida. Na yi dariya.

Ta ce, "Baban yara, wannan dariyar ba taka ba ce."

Na ce mura ce.

"Shekara ashirin da biyu, mura ce ban sani ba?"

Na ce layin ba kyau. Layin lafiyarsa ƙalau.

Lahadi, 10 ga wata, 3:00 na rana

Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Litinin, 11 ga wata, 10:30 na safe

Rahoto shafi biyu. Na bayyana kwance da tsaye, na bayyana mayafi, na sa lambar kowane hoto daga na farko zuwa na sha ɗaya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Babu kuma sunan kowa. Ai sana'ata ke nan: ba na ƙara wa mutum abin da bai faɗa ba, cirewa kawai nake yi. Na sha gaya wa masu koyo cewa da almakashi ma ana yin ƙarya, har ta fi ta baki tsabta.

Ban miƙa ba tukuna.

Talata, 12 ga wata, 8:00 na safe

Ba labari. Kwana goma sha ɗaya. Har lissafin ma yana yi mini ba'a.

Laraba, 13 ga wata, 1:00 na rana

An ga motar direban a gefen hanya, nesa da gari. Makulli a jiki, takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera. Mai ɗaukar hoton da ya yi mana hirar a can shi ya aiko da saƙon, sannan ya ce kada a sake kiransa a wannan lambar.

Shirin wannan makon a kan farashin taki ne. Na tace shi. Baƙon ya yi tari sau goma sha tara.

Alhamis, 14 ga wata, 6:10 na yamma

A kan me na tsallake? Tun ɗazu nake tambayar kaina a bas. Ba gajiya ba ce. Ba sauri ba ne, mintin da ake buƙata bai wuce goma ba, kuma akwai mutum biyu a ɗakin sauti da za su iya dubawa. Na kalli tallan sau ɗaya, da sauti, labarin ya sake kama ni a wuya, na ce ya yi. Ido na biyu? Ai ni ne idon na biyu. Shekara tara ni ake kawo wa. Ban taɓa kai wa kowa ba.

Wanzami ba ya son jarfa.

To, ga shi na rubuta. Littafin nan dai bai da baki.

Juma'a, 15 ga wata, 11:45 na safe

Ɗan Gayu ya shigo ya rufe ƙofa. Bai yi sallama da wasa ba kamar yadda ya saba. Ya ajiye waya a kan tebur ya ce, "Baba, matar direban ce. Ta hannun wani ta aiko."

Na zaci zagi ne. Na ma so a ce zagi ne.

Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da "masu aikin na'ura". Ta ce ba ta zo da ƙorafi ba, shi ya kai kansa, ya ce in bai faɗa ba abin zai kashe shi a zaune. Sannan ta ce: "An ce mini kuna da shi a wurinku yana magana, fuskarsa a buɗe, da muryarsa ta gaskiya. Mu hoton katin aikinsa kawai gare mu. Ƙaramar tana tambaya. In ba zai zama laifi ba, ko kaɗan ne, ku aiko mana. Ba wurin da yake ba da labarin ba. Inda yake zaune kawai."

Ɗan Gayu ya ce, "Za ka iya?"

Na ce sai dai in ba hannu.

Juma'a, 3:30 na yamma

Na buɗe ɗanyen fayil, wanda almakashi bai taɓa ba. Akwai minti shida kafin a fara hira, ana gyara haske. Irin abin da nake zubarwa tun farko.

Yana zaune yana wasa da makullin mota. Mai ɗaukar hoto ya ce ya gyara hularsa, ta karkace. Ya yi dariya, akwai wushirya. "Kai ma dai! Tunda rufewa za ku yi, wa zai ga hula?" Ya sha ruwa. Ya tambayi ko za a daɗe, yana son ya biya ya ɗauko yara. Sai ya dubi kyamara kai tsaye.

"Shi mai rufewar nan, ya iya aikinsa?"

Mai ɗaukar hoto ya ce, "Tsoho ne a aikin. Bai taɓa kuskure ba."

"To madalla. Ka gaishe mini da shi."

Na ji wannan tun ranar da fayil ɗin ya iso. Na tuna. Daɗi na ji a lokacin. Har na mayar baya na sake ji.

Asabar, 16 ga wata

Ban fita ba.

Lahadi, 17 ga wata, 5:00 na yamma

Na kira uwar yara na gaya mata duka, daga kwance da tsaye har gaisuwar. Ina jin autar tana waƙa a bayanta.

Ta ce, "Ita yarinyar da aka dakatar, 'ya'yanta nawa?"

Na ce biyu.

Ta ce, "Keken ɗinkin ma bai yi nisa ba, gidan maƙwabta yake." Sai muryarta ta karye. Ta ce na cuce ta, shekara tara tana kwana da lissafin wata. Ta faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, kuma duk tana da gaskiya. Daga ƙarshe ta ce, "Gobe ka je da wuri, kafin zuciyarka ta sake ba ka wata shawara."

Litinin, 18 ga wata, 9:40 na safe

Na ƙara layi uku a ƙasan rahoton da biro, cewa ni na yanka tallan, na sa hannu, na kai.

Shugaba ta karanta a tsaye. Ta cire tabarau. Ta ce, "Ka san kana barin numfashi?"

Na ce ban gane ba.

"Kafin ka yanke magana, kana barin mutum ya ja numfashi ɗaya. Ita ba ta bari, a kan kalmar ƙarshe take yankewa. Tun ranar farko da na sake kallon tallan na ji numfashin." Ta zauna. "Sati biyu ina jiran ka, Baba. Na yi ta addu'a kada ka zo, na yi ta addu'a ka zo."

Na ce da ta sani, don me ta dakatar da baiwar Allah?

Ta ce, "Numfashi ba hujja ba ce. Suna ne a kan fayil." Ban ga laifinta sosai ba. Kaɗan na gani.

Ba a hannunta abin yake ba, na sama za su yanke, amma mun san me za su yanke. Kora ce, ta ce kafin ƙarshen wata. Ta ce za ta rubuta mini takardar shaida mai kyau. Na ce ta rubuta gaskiya. Ta ce gaskiyar ai tana da tsawo, shekara tara ce da rabin daƙiƙa.

Laraba, 20 ga wata, 10:00 na safe

Maman 'Yan Biyu ta dawo bakin aiki. Ba ta gaishe ni ba. Ta jefa jaka a kujera.

"Wa ya aike ka? Baba, wa ya aike ka? Na riga na sha zagin, na gama haɗiyewa. Yanzu an yi asara biyu."

Na ce, "Ki gama faɗan, ina da aiki da ke."

"Wane aiki?"

"Ido na biyu."

Na haɗa wa matar direban minti huɗu. Hular, dariyar, shan ruwan, inda ya ce zai biya ya ɗauko yara. Na cire muryar mai ɗaukar hoto gaba ɗaya, kada in rufe rami in buɗe wani. Gaisuwar ma na cire. Wannan tawa ce.

Ta jawo kujera. Ta kashe sauti da kanta. Muka fara, hoto bayan hoto. Ba murya, sai mutum yana dariya a hankali, leɓe yana buɗewa kaɗan-kaɗan, wushiryar tana fitowa. Tana kallo tana share hawaye da gefen gyale, amma idonta bai bar allon ba. Ni na koya mata haka.

A minti na uku ta ce, "Tsaya. Koma baya."

Na koma.

"Ƙara. Nan. Dubi kofin."

Lokacin da ya ɗaga kofin ƙarfen zai sha, rabin fuskar mai ɗaukar hoto ta fito a jikinsa, ƙarama kamar ƙwayar wake. Hoto huɗu. Sau uku na duba jiya, ban gani ba.

Na matsa mata, ta zauna a kujerata, ta sa mayafin da hannunta.

Juma'a, 22 ga wata, 4:20 na yamma

Na kwashe tebur. Shekara tara ba ta cika kwali ɗaya ba. Ɗan Gayu ya dage sai ya kai ni filin jirgi ranar Talata da zan koma gida, wai bai yarda da ni da akwati a bas ba. Takardar bayan ƙofa na bar ta. Na dai ƙara kalma uku a ƙasa: *Har da babba.*

Direban ba labari.

Amsar matar ta iso ɗazu, daƙiƙa tara. Ta ce ya iso, Allah ya saka. Ta ce ƙaramar ta kalla sau bakwai, tana ta miƙa yatsa a kan waya, wai hular Baba ta karkace, tana so ta gyara masa.